Ni Na Yi wa Mubarika Tafinta

Kotu ce ta ba da umarni a juya wa ƙanwata mahaifa. Haka takarda ta ce, da hatimi da sa hannun mai shari'a. Duk wanda ya tare mu a masallaci ko wajen suna ya tambaya, amsarmu ɗaya ce: "Ai ƙasar nan ba a ja da hukuma." Sai mata su tafa hannu su yi salati, su ce Allah ya saka mata, ni kuma in sunkuyar da kai kamar wadda aka zalunta. To, na gaji da sunkuyar da kan. Ni Shetu, ni na yi wa Mubarika tafinta, kuma kusan duk abin da mai shari'a ta sani game da ita daga bakina ya fito.

Cikinta yana wata uku babban yayanmu, Yaya Sulemana, ya sa aka dawo da ita unguwarmu Moss Side daga Birmingham. Wai goyon ciki. Kowa ya san sai ciki ya tsufa ake kai mace gidan iyayenta ta yi haihuwar fari, amma wa zai ɗaga ido ya gaya wa Yaya haka? Mijinta Sadique direban bas ne a can, mutum mai kunyar surukai har ta yi masa yawa. Da kansa ya kawo ta, ya sauke mata kaya, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarmu Mma, ya koma unguwarsu Balsall Heath shi kaɗai.

Ba don al'ada aka dawo da ita ba, don Mma ne. Shekara shida ke nan ɓarin jikin mahaifiyarmu ya shanye, ba ta tashi, magana ma sai ƙoƙari. Kafin aure Mubarika ce ke ɗaga ta, ta wanke ta, ta ba ta koko a baki. Da ta tare gidan miji sai aikin ya faɗo kaina. Matar Yaya ta ce bayanta na ciwo, ciwon da ba ya hana ta zuwa biki. Ni kuwa in yi shift na awa sha biyu a care home, gidan kula da tsofaffi, ina wanke iyayen wasu, in dawo in wanke tawa. Wallahi ranar da Mubarika ta dawo gidan nan na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ita ba kamar mu ba ce. Mu nan muka yi makaranta, ita kuwa can ƙasarmu a Salaga ta girma wajen Kaka, sai da ta shekara ashirin ta zo. Kunnenta na hagu ba ya ji tun baƙon dauro, tana da ciwon zuciya tun ƙuruciya, Turancinta bai wuce gaisuwa da sayen burodi ba. Amma magungunan Mma guda bakwai ta san su da launi da lokaci, ba ta taɓa kuskure ba. Ni mai takardar aikin kula da tsofaffi sau biyu ina haɗa na safe da na yamma, ita ta kama ni.

Likitan zuciya ya ce cikin ya yi wa zuciyarta nauyi, haihuwa sai da tiyata, kuma kafin nan akwai wata likita da za ta zauna da ita ta ga ko ta fahimci halin da take ciki. Ranar appointment ɗin Yaya ya kai mu a tasinsa. Mubarika na baya, kunnenta mai ji yana wajen taga. Ya rage murya ya yi mini magana da Turanci gauraye da Hausa.

"Ki bar su su ga ba ta iya riƙe kanta. In suka rubuta haka, hukumar council ba za ta bari ta ɗauki jariri ta koma Birmingham ba. Sai ta zauna nan, ƙarƙashin kulawarki."

Na ce, "Haba Yaya, ƙarya ke nan fa."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Abin da ta faɗa shi za ki faɗa. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ba a samu tafintan asibiti ba ranar, sai na ce ni zan yi. Likitar mace ce mai fara'a, ta ja kujera kusa da Mubarika. Yaya ya zauna a gefe ya harɗe ƙafa, babu wanda ya ce masa ya fita. Likita ta ce in tambaye ta ko ta san tana da ciki.

Na tambaye ta. Mubarika ta saci kallon Yaya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni ban sani ba."

Na juya da Turanci na ce ta ce ba ta sani ba. Likita ta nuna cikin da ya fara turowa, ta ce to mene ne wannan?

Mubarika ta yi 'yar dariya cikin mayafi. "Ƙiba ce."

Na faɗa. Aka ce tana son jaririn?

"Ni ina ruwana da shi."

Wannan ma na faɗa, kalma da kalma.

Duk wadda ta tashi a hannun tsohuwa irin Kaka ta san abin da ke faruwa a ɗakin nan. Cikin fari ba a maganarsa. Yarinya mai tarbiyya ba ta amsa cewa tana da shi, balle a gaban yayanta namiji. In ta haifa ba ta kiran sunan ɗan, ba ta yi masa wasa a gaban manya, tana yi kamar ba nata ba ne, alhali ranta na kansa. Kunya ce, kuma da ita ake yabon mace a gidanmu. Na san haka sarai. Jimla ɗaya ce ta rage in ƙara, in ce, "Likita, al'adarmu ce, ku fitar da yayanmu ku sake tambaya." Ina kallon alƙalamin matar nan yana gudu a kan takarda, na kama bakina. Da ta ɗago ta ce ko kullum haka take, sai na ce haka take tun tana ƙarama.

Muna fitowa Mubarika ta mintsine ni a hannu. "Yaya Shetu, mutanen nan ba su da kunya ko kaɗan! A gaban Yaya fa!" Tana dariya, ni ma na taya ta.

Daga nan abubuwa suka fara sauya mata, ba ta san dalili ba. Wata ma'aikaciyar council ta fara zuwa duk Talata da jaka da takardu. Takan yi magana da ni, Mubarika na tsaye da tire kamar 'yar aiki. Aka karɓe magungunan zuciyarta aka damƙa mini, wai kada ta sha fiye da ƙima. Ita da ke ba Mma guda bakwai! Kullum da safe sai ta zo ƙofar ɗakina ta ce, "Yaya, lokacin ƙaramin farin nan ya yi," in miƙa mata kamar ni na tuna.

Aka sake kiranta gwaji na biyu, wannan karon da tafinta ta waya. Muryar dattijo ce, namiji, kuma aka ajiye wayar a gefenta na hagu. Rabin maganar ba ta ji ba, rabin da ta ji kuwa tambaya ce kan jinin al'ada da kwanciyar aure. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri," ta yi shiru har aka tashi. Ina zaune ina gani. Ko wayar ban matsar mata zuwa dama ba.

Ƙafafunta suka kumbura har silifa ta daina shiga. In ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango tana haki. Duk da haka ita ke juya Mma, ita ke dafa wake da shinkafa ranar Asabar saboda Yaya ba ya cin na kowa sai nata. Sadique kan zo ranar Lahadi da ledar lemo da kifi busasshe, Yaya ya zauna da su a falo tun zuwansa har tafiyarsa, yana ba shi labarin ƙwallo. Sau ɗaya Sadique ya ce, "Yaya, na ga kamar aikin ya yi mata yawa." Yaya ya ce motsa jiki na da amfani ga mai ciki, likita ma ya faɗa.

Cikin na wata bakwai wasiƙa ta zo. Asibiti za su je kotu. Tunda an tabbatar Mubarika ba ta iya yanke shawara da kanta, suna neman izinin abu biyu: a yi mata tiyata a ciro jaririn, kuma a juya mata mahaifa a lokaci guda, juyin da ba a warwarewa. Dalilinsu, wani cikin zai iya kashe ta, ita kuma ba ta ma san mene ne ciki ba balle ta kare kanta. A ƙasa an yi bayani dalla-dalla: mace mai hankalinta ita ke zaɓa ko da zaɓin na da haɗari, wadda ba ta da shi kotu ke zaɓa mata.

Innalillahi! Ban cire kayan aiki ba na hau bas zuwa Rusholme, na sami Yaya a layin tasi kan Wilmslow Road yana cin gyaɗa. Na shiga gaba na jefa masa takardar.

"Ka ga inda ka kai mu? Ba wannan muka ce ba!"

Ya karanta a hankali, ya ninke. "To, ai ranta za a ceto. Ke kina so ta mutu wajen haihuwa?"

"Ita za a tambaya, Yaya. Ita da mijinta."

"An tambaye ta sau biyu."

"Ka san abin da ya sa ta yi shiru!"

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ni ban yi tafinta ba, Shetu. Ke kika yi. Je ki ce musu kin san gaskiya kika ɓoye, mu ga ko za a sake barinki ki taɓa tsohon wani a garin nan. Kuma in ta tattara ta koma Birmingham, ke za ki ajiye aiki ki zauna da Mma?"

Na fita daga tasin na koma gida. Da yamma matarsa ta kira ni tana lallashi, wai ɗaya ma ai arziki ne, wasu ko ɗayan ba su samu ba. Tana maganar ina jin hayaniyar 'ya'yanta biyar a bayanta.

Ni na gaya wa Mubarika zancen kotu, rabinsa. Na ce izinin tiyata ne kawai, haka dokar ƙasar take. Da aka ce za a turo mata lauyarta ta kanta, tsoro ya kama ni, na zaunar da ita a bakin gado.

"Kin san mutanen nan suna ƙwace yara. Kalma ɗaya za ki faɗa ba daidai ba, su ɗauke shi tun a asibiti. Duk abin da suka tambaya, ki ce Yaya ta sani."

Ta dafe ciki da hannu biyu, karo na farko da na ga ta yi haka a gabana. "To, Yaya."

Lauyar ta zo da tafinta mace, Celestina, 'yar Jos, Hausarta kamar a Kano aka haife ta. Suka ce ni da Yaya mu ba su wuri. Awa guda suna ciki, ina kicin ina jin amsa ɗaya tana maimaituwa ta bango: "Yaya ta sani." Da suka gama Celestina ta shigo neman ruwa. Ta sha, ta ajiye kofi, ta dube ni.

"'Yar'uwa, cikin fari ne, ko?"

"Eh."

"To wannan ba kunya ba ce? Na zauna da Hausawa, na ga yadda ake yi."

Na ce, "Madam, awa ɗaya kika yi da ita. Kin fi ni saninta ne?"

"A'a. Zan dai gaya wa lauya abin da na gani. Amma ni baƙuwa ce, maganarki za a ɗauka."

Saura mako biyu a shiga kotu ina neman zanen gadon Mma, na jawo wata jaka daga ƙarƙashin gadon Mubarika. Na zuge. Riguna ne 'yan mitsi-mitsi, da huluna, da zanen goyo guda biyu, duk ɗinkin hannu, daga atamfofin lefenta ta yanka. A ƙasa akwai kalandar masallaci, ta ja layi a kan kowace Juma'a tun watan da cikin ya shiga. Ban ji shigowarta ba sai hakinta.

"Kai, Yaya!" Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta ga mu biyu ne kawai sai ta zauna a ƙasa, ta ɗauki wata riga tana gyara mata wuya, ba ta kalle ni ba. "Ninki biyu na yi wa ɗinkin. Don ƙannen baƙon su samu."

Na ce, "Waɗanne ƙanne, da wannan zuciyar taki?"

"Ai na sani. Likitan Birmingham ya yi mana bayani da hoto, wata 'yar Kumasi ta fassara. Ya ce in na sauka in huta shekara uku, a sa mini abin nan na hannu mai hana ɗaukar ciki, sannan a sake duba zuciyar. In ta yi ƙarfi, to. In ba ta yi ba, mu haƙura. Mun yi magana da shi." Ko sunan Sadique ba ta iya kira. "Kada ki gaya wa Yaya Sulemana na faɗi haka, don Allah."

Ga shi nan, duk abin da likitoci biyu da lauya suka nema ba su samu ba, ta zuba mini shi a cikin minti ɗaya. Waya na aljihuna, lambar lauyar na ciki. Na mayar da rigunan, na zuge jakar, na tura ta ƙarƙashin gado. Na ce ta tashi daga ƙasa kada sanyi ya kama ta.

Ranar Alhamis aka yi zaman. Mubarika na kwance a asibiti tun Litinin, numfashi ya ƙi. Ɗakin kotun ƙarami ne, ba kamar na talabijin ba, mai shari'a mace ce mai furfura da tabarau, muryarta a sanyaye. Likitoci suka yi bayani, babu wanda ya ɗaga murya, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Sadique ya zo da kwat ɗin da ya yi masa yawa a kafaɗa. Sai a makon nan ya san zancen juya mahaifa, don Yaya ya ce masa takardun na tiyata ne. Da aka ba shi dama ya miƙe.

"Matata tana da hankali. Ta fi ni. Ku tambaye ta ita kaɗai, mace ta tambaye ta."

Aka ce an yi hakan. Aka tambaye shi wata nawa suka zauna tare, ya ce takwas. Lauyan asibiti ya ce yayarta kuwa shekara shida suna gida ɗaya, kuma aikinta ke nan, kula da marasa ƙarfi.

Aka kira ni. Ma'aikacin kotu ya ce da Alƙur'ani zan rantse ko da baki zan yi alkawari. Na ce ba ni da tsarki, da baki zan yi. Ƙarya ce, da alwalata na fito daga gida. Na ga Sadique ya ɗago kai ya dube ni.

Mai shari'a ta cire tabarau. Ta ce tafinta ta kawo wata magana da ta tsaya mata a rai, wai a al'adarmu mace kan ƙi amsa zancen cikinta na fari saboda kunya. Ta ce abin da ake nema a gabanta babba ne, ba a dawo da shi, kuma ba ta son ta ƙwace wa mace abin da yake haƙƙinta. "Ke kika fi kowa saninta. Kunya ce, ko ba ta fahimta ne?"

Celestina na zaune a gefe, idonta a kaina. Yaya na bayana, ina jin tarinsa. Na tuna jakar, na tuna aikina, na tuna nauyin Mma a kafaɗata da ƙarfe biyar na asuba. Na ce akwai al'adar, amma ta mutanen da ce, yanzu ba a yi. Na ce ƙanwata ba ta fahimta.

Mai shari'a ta yi mini godiya. Ta ce ta san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya faɗi haka a kan ɗan'uwansa, kuma Mubarika ta yi sa'ar yaya.

Ta ba da izinin duka biyun. Likitoci suka ce kada a gaya mata na biyun sai bayan aiki, tashin hankali zai iya tsayar da zuciyar. Sadique ya bi ni har bakin lif.

"Yaya Shetu, me ya sa ba ki taɓa Alƙur'anin ba?"

Na ce ya ji da abin da ke gabansa. Ya tafi asibiti ya zauna kusa da matarsa, yana tsoron in ya buɗe baki ya kashe ta, bai ce komai ba.

Da safiyar Juma'a aka ciro 'ya mace, lafiyayya, mai gashi. Zuciyar ta ɗauka. Kwana uku bayan nan likitar farko, mai fara'ar nan, ta zo da Celestina su gaya mata. Ina tsaye a ƙarshen gado. Celestina ta zagaya ta dama, ta sunkuya, ta faɗa mata a hankali.

Mubarika ta ce a sake faɗa. Aka sake.

Sai ta yi magana. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka a gaban baƙo ba. Ta faɗi sunan ciwonta yadda likitan Birmingham ya koya mata, ta faɗi magungunanta da lokutansu, ta faɗi satin da cikin ya kai, da shekara ukun da za ta huta, da abin hannun da za a sa mata. Ba ta yi kuka ba, muryarta ce kawai ke karyewa. Celestina na fassarawa hawaye na zubo mata. Na ga fuskar likitar ta sauya, ta nemi kujera ta zauna.

"Me ya sa ba ki gaya mana haka ba tun farko?"

Mubarika ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Na jira ta ce Yaya ce ta ce in yi shiru, har na ji ina so ta faɗa, a kama ni a huta.

Ta ce, "Kunya na ji."

Ko a nan rufa mini asiri ta yi. Aka sake gwaji, aka rubuta sabuwar takarda cewa tana da cikakken hankali, asibiti suka aiko da wasiƙar ban haƙuri mai shafi biyu. Lauyarta ta so a bi diddigin yadda aka yi, Mubarika ta ce a bari. Ranar suna aka sa wa yarinya Hanan. Ko arba'in ba a yi ba Sadique ya zo da motar abokinsa, wannan karon bai durƙusa wa kowa ba sai Mma, ya kwashe matarsa da 'yarsa. Yanzu council ke turo masu kula da Mma sau biyu a rana. Ashe tun can da mun nema da an ba mu, fom ne mai shafi huɗu. Yaya ne ya ce ba za a ce 'ya'yan Mma sun kai ta ga hukuma ba.

Sai da Hanan ta yi wata biyar na iya hawa mota zuwa Birmingham. Flat ɗinsu na saman wani shagon kayan miya a Balsall Heath, ɗaki ɗaya da falo, tsaf-tsaf. Sadique ya amsa sallamata ya ɗauki jakarsa ya fita. Mubarika ta kawo mini ruwa da abinci, ta tambayi jikin Mma, ta tambaya ko ana ba ta ƙaramin jan nan bayan ta ci, ba kafin ba. Sannan ta shimfiɗa yarinyar a cinya tana shafa mata man kaɗanya.

Na ce, "Mubarika, na zo ne ki yafe mini. Na san kunya ce. Tun ranar farko na sani."

Ta gyara zama, ta juyo mini da kunnenta na hagu. Ta ci gaba da shafa mai.

"Hanan," ta ce. "Hanan tawa. Hanan, kalli nan." Ta ɗaga ta sama, ta sumbaci cikinta, yarinyar na ƙyalƙyala dariya.

Bakina ya riga hankalina, irin na gida. "Ke, 'yar farin kike kira haka gatsau?"

Wannan ta ji shi. Ta sauke yarinyar a kafaɗa.

"Kaka ta ce ba a kiran sunan ɗan fari, sai a bari a huce a kan na baya. To ita ce ta fari, ita ce auta. In ban kira nata ba, na wa zan kira, Yaya?"

Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da jakar nan, ta ajiye a gabana.

"Sun yi mata kaɗan. Ki ba wata mai buƙata, ko zare ɗaya bai saki ba. Na yara huɗu na ɗinka."

Jakar na ƙarƙashin gadona har yau, na kasa ba kowa. Yaya kuwa ya zama mai ba da shawara a unguwa, yana gargaɗin mutane su yi hankali da asibiti da kotun ƙasar nan, ga abin da suka yi wa ƙanwarsa. Ni ban ce hukuma ba ta da laifi ba. Ta ajiye waya a kunnen da ba ya ji, ta bar namiji a ɗakin da bai kamata ba, ta sa wuƙa a inda ba a gyarawa. Amma sau uku tana tsayawa ta tambaya, kuma duk sau ukun ɗan gida ta tambaya.

Makon jiya wajen wani suna a Moss Side wata dattijuwa ta riƙe hannuna, ta ce duk wanda ya yi sanadin abin da aka yi wa yarinyar nan, Allah ya saka mata tun a duniya. Matar Yaya ta ce amin da ƙarfi. Ni ma na ce amin, kuma na san gidan da addu'ar za ta sauka.